Tarihin sabara da shinge a gonakinmu

 Bazara ta kusa, lokacin sassabe ya zo. Ba da jimawa ba kowa zai wasa gatarinsa da addarsa ya nufi gona. Kafin ka ɗaga gatari bisa sabara ko kalgo, ina so ka zauna ka karanta wannan labari. Idan karatunka bai yi ƙarfi ba tukuna, kada ka yi gaggawa. Karanta kaɗan yau, ka ƙara gobe. In da wanda bai iya ba kusa da kai, karanta da ƙarfi shi ma ya ji.

Ga abin da ya sa na rubuta shi. Wata rana a ajin karatun manya na rubuta kalmar sabara bisa allo, muna rarraba ta: sa, ba, ra. Sai wani dattijo cikin ɗalibaina, wanda ya wuce shekara 70, ya aje alli ya ce:

"Malam, wannan icce ya rikita ni. Ina yaro babana ya ce in sare ta, in bar kututturen. Da na girma aka ce in tone ta har saiwa, gona ta yi tsabta. Yanzu da na tsufa ɗana ya ce in na taɓa ta za mu ɓata. To, wa ke da gaskiya?"

Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa ban iya ba shi amsa a ranar ba. Na ce: "Baba, ka ba ni lokaci." Na yi tambaya wajen tsofaffi, na karanta abin da masana suka rubuta. Ga amsar da na samo masa, ga ta kuma gare ku.

Zamanin kakanni

A da mutane kaɗan ne, daji kuwa da yawa. Manomi yakan noma gona wasu shekaru, in ta gaji ya bar ta saura, wato maiso, ya sassabe wata. Cikin saurar nan sabara da kalgo da geza da magarya sukan tashi su rufe ƙasa. Ganyensu ya zuba ya ruɓe, bisashe su kwana ciki su bar taki. In ya komo bayan shekaru sai ya tarar gona ta huta.

Ko cikin gonar da ake nomawa, kakanninmu ba su tone saiwar sabara. Da bazara a sare ta daidai ƙasa, a tara, a ƙone. Hatsi ya tashi, a yi girbi. Da kaka sabarar ta sake tohowa, ta yi ɗari da rani tana tare ƙasar da iska ke ɗauka. Ka lura, gindin sabara kullum ya fi sauran gona tudu. Wannan tudun ƙasa ce mai kyau da iska ta kwaso daga wani wuri ta aje maka. Mun sani tun da daɗewa hatsin da ke kusa da ita ya fi ƙarfi. Masana a ƙasar Senegal sun auna, sun gano cewa da dare doguwar saiwar sabara tana jawo ruwa daga can ƙasa ta sake shi kusa da sama, hatsi ya sha.

Shinge ma tsohon abu ne. Da aguwa ake kewaye garka da gonar rogo, da ita ake shata burtali don bisashe su wuce ba su shiga hatsi ba. Ana kafa dashi a bakin gida, ya kama, ya zama shinge mai rai. Iyaka tsakanin gona da gona sau da yawa gamba ce ko jerin aguwa. Mutanen da ba su da takarda, shingen nan shi ne takardarsu.

In yunwa ta zo, ƙananan itatuwan nan ne abinci. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da waɗanda suka biyo bayanta, mutane da yawa da ɗiyan anza suka rayu. Ana jiƙa su kwanaki, ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Ga magarya da ake dakawa a yi akuri, ga aduwa, ga ganyen kuka.

Sarakuna sun san darajar icce. A Damagaram, tsofaffi na ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, cewa ya hana sare gawo, kuma hukuncin wanda ya sare shi mai tsanani ne ƙwarai. Duk manomi ya san dalili. Gawo yakan zubar da ganye da damina, bai rufe hatsi da inuwa, ya yi ganye da rani lokacin da bisashe ke neman abin ci.

Yadda icce ya fita hannun manomi

Nasara sun shiga Damagaram a 1899. A ranar 4 ga Yuli 1935 gwamnatin Faransa ta fitar da dokar daji don ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Dokar ta keɓe wasu dazuzzuka, ta kuma hana sare wasu itatuwa sai da izini. Bayan mun sami ƴancin kai a 1960 ba a sauya wannan hanya ba. Dokar daji ta 1974 ta bi sawun ta farko: gawo, kuka, tsamiya, giginya da wasunsu suna ƙarƙashin tsaron gwamnati, ko da cikin gonarka suke.

Niyyar dokar ita ce a tsare icce. Amma ka duba abin da ta haifar a zuciyar manomi. Icce ya girma cikin gonarka, ka sare reshe don ka gyara rumbu, ƴan gandun daji su gani su ci ka tara. Wani baƙo kuma ya je ya biya kuɗin takarda, ya zo ya sare icen da ka gada. To, mai hankali sai ya ce: gara in kashe shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo mini magana. Haka ɗiyan gawo da yawa suka mutu a bakin hauya.

Sai ga gyaɗa, wadda wasunmu ke ce wa gujiya. Tun cikin shekarun 1930 Nasara suka matsa a noma ta a ƙasar Maraɗi da Damagaram, don da kuɗinta ake biyan lampo. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA don sayenta da fitar da ita waje. Kuɗi ya shigo, gonaki suka faɗaɗa, saura ta ragu. Aka kawo garmar shanu, garma kuwa ba ta son kututture. Koyarwar wancan zamani ita ce manomin kirki shi ne mai gona fes, ba sabara, ba kalgo, sai layin shuka. Wannan ita ce magana ta biyu da aka faɗa wa dattijon ajinmu.

Ban ga laifin malaman gona na lokacin ba. Abin da aka koya musu suka koyar, kuma an samo shi daga ƙasashen da ke da ruwa da yawa, inda iska ba ta kwashe ƙasa kamar tamu. Mutane kuma suna ƙaruwa. A 1960 ƴan Nijar wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta sami miliyan 17. Kowane sabon gida yana son gona, yana son icen girki.

Fari, da shekarun dashe

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, har aka kai ga babban fari na 1973 da 1974. A 1975 cutar kuturta da darɓa ke kawowa ta halaka gyaɗa. Itatuwa suka bushe a tsaye, waɗanda suka rage aka sare aka kai birni don a sayi hatsi. Gona ta zama fili. Iyayenmu sun ba mu labari: ka yi shuka da ruwan farko, hatsi ya tsiro, iska ta taso da rairayi ta yanke shi ko ta binne shi. Ka sake shuka. Wani ya yi shuka sau uku ko huɗu cikin damina guda, iri ya ƙare. Mata kuwa su fita tun asuba neman icce, su komo da kara da kashin shanu.

Gwamnati ta ce a dasa itatuwa. Daga 1975, zamanin Shugaba Seyni Kunce, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce. Aka buɗe wuraren rainon icce, aka yi gandun ƙauye a garuruwa da yawa, aka kewaye su da waya. An kashe kuɗi masu yawa, amma mafi yawan abin da aka dasa bai rayu ba. Ɗan icen da aka raina cikin leda saiwarsa gajera ce, rani kuwa wata takwas ne. In ya tsere wa ƙishirwa, gara na jiransa, in ya tsere wa gara, ga akuya. Ban da haka, gandun ƙauye na kowa ne, shi ya sa ba wanda ke tashi da dare ya duba shi.

Akwai inda dashe ya yi nasara, kuma ya kamata ku san labarin. A kwarin Majiya, ƙasar Buza cikin jahar Tawa, ƙasa mai kyau ce amma iskar ɗari na kwashe ta. A 1975 ma'aikatan gandun daji na Buza, da taimakon ƙungiyar CARE, suka fara dasa dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, a Garadume. Asalin wannan icce ƙasar Indiya ne. Ana dasa shi layi biyu-biyu, a gicciye da hanyar iska, metir 4 tsakanin icce da icce, metir 100 tsakanin jeri da jeri. Aka sa masu gadi don kada bisashe su ci shi yana ƙarami. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon jerin nan ya wuce kilometir 400. Da aka auna, hatsin da ke tsakanin jeri ya fi na fili yawa.

Amma Majiya ta koya mana abu biyu. Na farko, shingen da ba a aske shi yakan ci gona. Wanda layin ya ratsa gonarsa ya ga hatsin da ke gindin dogon yaro ya kwanta, saboda inuwa da saiwa. Sai da aka fara datse kawunan itatuwan sama da tsayin mutum, suna sake tohowa, sannan abin ya yi sauƙi, aka kuma sami gwafanni da icen sayarwa. Na biyu, da icce ya zama kuɗi sai tambaya ta taso: na wa ne? Na mai gona, ko na garin da ya yi aikin dashe, ko na gwamnati? An daɗe ana zama kafin a shirya yadda za a raba.

A Keita ma, daga 1984, an yi babban aiki da taimakon ƙasar Italiya: an tare ruwa da duwatsu, an dasa itatuwa miliyoyi, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Irin wannan aiki sai da manyan motoci da kuɗin waje. Ba kowane gari ya samu ba.

Sassabin zamani

A 1984 fari ya komo. A ƙasar Maraɗi ana kiran wannan yunwa El Buhari, don ta zo daidai lokacin da aka rufe iyakar Najeriya. Cikin watan Mayu na shekarar aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka yarda cewa aikin nan ba ya yiwuwa sai da hannun talakawa.

A wannan lokaci akwai wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi. Ya yi shekaru yana rarraba ɗiyan icce a ƙauyuka, suna mutuwa. Shi da kansa ya ba da labari cewa wata rana a 1983 ya tsaya bisa hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Sai ya dubi wani ɗan kurmi a bakin hanya, ya lura da ganyensa. Ashe babban icce ne da aka sare, kututturen na nan da rai, saiwarsa na can ƙasa, kowace shekara yana tohowa ana sarewa. Ya duba gabas da yamma, ko'ina ga irinsu. Ya gane cewa dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa.

Dabarar da ya kawo ba ta da wuya. In ka zo sassabe, kada ka share tohon duka. Zaɓi masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran, ka gyara. Tun da saiwa tsohuwa ce mai zurfi, duk ƙarfinta sai ya koma cikin waɗanda ka bari, su yi girman da ɗan leda ba ya yi. Wannan shi ake kira sassabin zamani.

Da farko mutane kaɗan suka yarda, ana yi musu dariya, ana cewa raggaye ne masu ƙazamar gona. Da yunwar 1984 ta tsananta, aka ba da hatsin taimako ga wanda ya bar itatuwa cikin gonarsa, wajen 40 a hekta guda. Ƙauyuka kusan 100 suka shiga. Da aka daina ba da hatsi, mafi yawan mutane suka sare abin da suka bari. Kada mu ɓoye wannan, haka aka yi. Amma waɗanda ba su sare ba sun ga abu da idonsu: iska ba ta yanke musu shuka ba, hatsinsu bai ragu ba, ga icen girki a gona, ga gwafa ta sayarwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Daga nan abin ya bi kasuwa-kasuwa, ya bi bakin ƴan ci-rani, ya kai garuruwan da ba su taɓa ganin motar furoje ba.

A ganina, in ana ba da wannan labari a rediyo akan manta da wani abu. Rainon toho ba baƙon abu ba ne gare mu. A ƙasar Magariya da Matamai da Mirriya manoma sun cika gonakinsu da ɗiyan gawo da dabarar kansu, don ƙasa ta yi musu kaɗan, ba halin barin saura, ba kuɗin takin zamani. Malam Larwanu Mahaman, masanin itatuwa ɗan ƙasarmu, da abokan aikinsa sun bi yankin a 2006, suka kimanta wajen hekta miliyan guda da gawo ya komo. Rinaudo ya cancanci yabo, an kuma ba shi babbar lambar girma a ƙasar Suwidin a 2018, tare da Yakuba Sawadogo, manomi ɗan Burkina Faso. Amma hannun da ya riƙe adda na iyayenku ne.

Doka ma ta biyo baya sannu a hankali. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta kawo kwamitocin da ake kira Kofo, masu shaida gona da iyakarta. Dokar daji ta 2004 ta maye gurbin ta 1974. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassabin zamani, wadda ta amince cewa manomin da ya raini icce cikin gonarsa shi ke da hakkin morarsa. Duk da haka, in babban gawo ne ko kuka kake son kayarwa, fara zuwa wajen ma'aikacin gandun daji ku yi magana.

Masana sun gwada hotunan da aka ɗauka daga sama. A Galma, kusa da Madawa, hoton 1975 fili ne da ƴan ɗigo kaɗan, na 2003 kuwa cike yake da itatuwa, alhali mutanen garin sun ƙaru. Da suka haɗa lissafin kudancin ƙasa, suka ce wajen hekta miliyan 5 ne, itatuwa kuma kusan miliyan 200. Ni shaida ne kan amfaninsu. A yunwar 2005 ina saurayi, na ga gidajen da ke da icce a gona suna ɗora amalanke su kai kasuwa su komo da tiya biyu ko uku ta hatsi. Gidajen da ba su da shi, akuya suka sayar, daga baya maigida ya tafi Kano.

Aikin kowane lokaci

Wannan tarihi ya bar mana ilimin aiki, kuma kowane aiki da lokacinsa.

Yanzu da bazara, lokacin zaɓe ne. Ka bi gonarka kututture bayan kututture. A kowane gindi bar toho 2 zuwa 5, miƙaƙƙu masu ƙarfi. Kada ka bar guda tak, don in akuya ta karya shi ko ɓarawo ya sare, ka rasa duka. Aske rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayi kawai. Wanda ya aske har kai, ya bar ɗan tuntu a sama, iska za ta karya masa icce. Addarka ta zama mai kaifi, kuma ka sara daga ƙasa zuwa sama, don saran da ya fito daga sama yakan ɓare ɓawo ya buɗe wa gara ƙofa. Ɗaura tsumma a jikin wanda ka bari, kowa ya san da mai shi. Ganyen da ka aske kada ka ƙone, shimfiɗa shi bisa fako.

Bazara ce kuma lokacin kafa shinge. Aguwa da dashi ana kafa su ne da sanda tun ƙasa na bushe, kafin ruwa ya sauka. Ni na koyi wannan da hasara. Shekarar da na fara aiki na so in kewaye ƴar garkar ajinmu. Na ce icce ai ruwa yake so, na jira sai tsakiyar damina na kafa aguwa. Mafi yawanta ta ruɓe. Wata tsohuwa cikin ɗalibaina ta ce: "Malam, ai sai ka tambaya." Ta nuna mini: a yanko sanda, a bar ta ƴan kwanaki a inuwa bakin ya bushe, sannan a kafa kusa da kusa. Ku kiyaye idanunku da nonon aguwa, yana da zafi.

Da damina, in kana noma ka buɗe ido. Ɗan gawo da ɗan magarya da suka fito daga kashin bisashe ba su fi yatsa ba. Kewaye su da hauya, kafa ɗan kara kusa. In tohon sabara ya yi yawa har ya rufe hatsi, rage shi lokacin noma na biyu. Wanda ke son dashe, ko lalle ko zogale ko bagaruwa don shinge, ya dasa da zarar ƙasa ta jiƙu sosai. Kada ya jira ƙarshen Agusta.

Da kaka, bayan an kwashe amfanin gona an saki bisashe, nan ne haɗari yake. Kewaye ƙanana da ƙayar magarya ko ta aduwa. Toshe ɓarakar shinge. Da ɗari kuma a bar sabara da ganyenta ta yi aikinta na tare iska. Zogalen garka, in ya yi tsawo ya fi hannu, datse shi daidai ƙugu, zai fito da rassa da yawa, ganye ya ƙaru.

Sai magarya mai aure. A farkon shekarun 2000 cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa irin magaryar Indiya da ake kira pom di Sahel. Ɗiyanta sun ninka na tamu wajen sau 10, ana cin su ɗanye. Ana aura ta bisa magaryar gida, har wadda ta tsiro da kanta cikin gona, don saiwar tamu ce ta san fari. Abu biyu ke kashe wa mutane ita. Na ɗaya, tohon da ke fitowa ƙarƙashin wurin aure na magaryar gida ne. In ba ka cire shi ba zai rinjayi na sama, ka wayi gari da magaryarka ta da. Na biyu, mutane na jin tausayin datse ta. Magarya bisa sabon reshe take yin ɗiya. Bayan an gama tsinka, da zafin bazara lokacin da ta zubar da ganye, datse rassan bara sosai, ka bar gindinsu kaɗan. Ɗiyan da tsutsa ta shiga suka faɗo, tsince su ka binne da zurfi, don daga cikinsu ƙudan baɗi ke fitowa.

Abin da bai ƙare ba

Da na karanta wa ajinmu wannan, dattijon nan ya ce to, ashe babansa da ɗansa kusan magana guda suka yi. Amma wata mata da mijinta ya rasu ta ɗaga hannu ta ce:

"Malam, da can ko'ina na ga sabara ina sara in yi girki. Yanzu kowace sabara da tsumma a wuyanta. Ni da ba ni da gona, ina zan samu?"

Ba ni da amsa mai daɗi. Gaskiya ta faɗa. Da icce ya sami mai shi, wanda ba shi da gona ya rasa. Makiyayi ma da ya saba sassabe reshen gawo don bisashensa yanzu faɗa yake tararwa. Ga ɓarayin dare da ke sare icen da mutum ya yi shekara biyar yana raino, su kai birni. Wanda aka yi wa haka sau biyu yakan yi fushi ya share gonarsa.

A Ɗan Saga, ƙasar Agiye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa mata da Fulani makiyaya a ciki, suka aje ƙa'ida da tarar wanda ya karya ta. Garuruwa da yawa na kewaye sun bi su. A ajinmu mun kwana biyu kan maganar matar nan. Abin da muka tsayar shi ne, rassan da aka aske da bazara, duk mai gona zai bar kashi guda a bakin hanya don gidajen da ba su da gona. Mutum 11 suka yarda, muka rubuta sunayensu bisa allo, kowa da hannunsa. Ranar Juma'a mai zuwa za mu kai takardar wajen maigari.